Darasin Wata: Tsare Kwamfuta Daga Cuta da Maido Ta In Ta Rikice

Darasinmu na wannan wata a kan kwamfuta ne, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na san wani zai ce, "Malam, mu da ko wutar lantarki ba ta iso ƙauyenmu ba, me ya haɗa mu da kwamfuta?" To, ɗan'uwa, dakata ka ji.

Kana da waya? Akwai ɗan katin ajiya a cikinta, wanda ake kira memori? Ka taɓa miƙa shi ga yaron nan mai shagon caji a Tsafe ko Bungudu, don ya tura maka karatu ko fim ko waƙa? To katinka ya shiga kwamfuta. Ɗanka ya je Gusau rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta? To sunansa da hotonsa sun shiga kwamfuta. Ƙungiyarku ta manoma ta kai sunayen mutanenta a buga don neman taki ko rance? Wannan takarda tana kwance a cikin kwamfutar wani. Ashe ko ba ka mallaki na'urar ba, kayanka suna kwana a cikinta. Ranar da ta rikice, har da kai a cikin masu asara.

Akwai abubuwa uku da ke tsare kwamfuta. Na ɗaya zangon komawa, na biyu ganuwa, na uku maganin riga-kafi, wanda masu shago ke kira antibairos. Kowanne da aikinsa. Yawancin asarar da nake gani tana zuwa ne daga ɗora wa ɗaya aikin ɗan'uwansa. Amma bari mu fara da ita cutar.

Mece ce cutar kwamfuta?

Kwamfuta ba ta zazzaɓi. Abin da ake kira cutarta, ko bairos, wani ɗan umarni ne da mutum ya zauna ya rubuta da gangan. In ya shiga na'ura sai ya riƙa kwafar kansa, yana bin duk abin da aka soka mata. Tsohon abu ne. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wani mai suna Brain. A lokacin jama'a ba su da intanet. Faifai ne ya riƙa ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare teku. Yau ma a wajenmu hanyar ke nan, sai dai memori da filash sun maye gurbin faifai.

Wanda ya fi damun shagunanmu shi ne mai ɓoye kaya. Ka kawo katinka cike da hotunan biki. An soka shi a kwamfuta mai cuta. Da aka buɗe sai aka ga babu komai, ko kuma aka ga jakunkunan nan da sunayensu, amma kowace da wata 'yar kibiya a gefenta. Wanda ya danna mai kibiyar nan, cutar ya tayar. Nan ne mai shago marar sani zai ce, "Baba, katin ya mutu, sai dai a wanke." Kada ka yarda da sauri. Ka ce ya duba maka yawan wurin da aka cinye a katin. In har katin yana nuna a cike yake alhali ba a ganin komai, to kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Mai gyara da ya san aikinsa zai kashe cutar, ya fito da su cikin 'yan mintoci. In aka wanke kati kuwa, an share komai ke nan.

Abu ɗaya kuma. Cutar da aka rubuta don kwamfuta yawanci ba ta aiki a cikin waya. Saboda haka wayarka za ta ci gaba da aiki lafiya lau, amma katin yana ɗauke da cutar. Ka kai shi wani shago a kasuwa ta gaba, ka shafa musu. Haka cuta ɗaya kan zagaye shagunan gari guda.

Akwai kuma mafi muni, mai kulle kaya ya nemi kuɗin fansa. Mu mutanen Zamfara ba sai an fassara mana wannan kalma ba. A watan Mayu na 2017 wani mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ya kulle takardun mutane, ya ce sai an biya dala 300. A Ingila har asibitoci suka riƙa mai da marasa lafiya gida, don likita ba ya iya buɗe takardar majinyaci. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zangon komawa

Fatake na da, in sun ɓace hanya a daji, ba sa ci gaba da kutsawa. Sukan juya su koma zangon da suka kwana jiya, inda suka tabbata hanya daidai take, sa'an nan su sake ɗaukar hanya. Kwamfuta mai amfani da Windows tana da irin wannan dabara tun shekarar 2000. A kan allo da Turanci ake rubuta sunanta, System Restore. Mu a nan za mu kira ta zangon komawa.

Ga yadda take aiki. A ranar da na'ura take lafiya, sai ta rubuta yadda tsarinta yake, ta ajiye: waɗanne manhajoji ke ciki, yaya aka saita su, wane umarni ke tuƙa na'urar buga takarda da sauransu. Wannan ajiya ita ce zango. In jibi aka saka wata sabuwar manhaja, kwamfuta ta fara daskarewa ko mutuwa da kanta, sai a ce mata ta koma zangon shekaranjiya. Za ta cire abin da aka saka bayan ranar, ta maido tsarinta yadda yake.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne mutane ke faɗawa rami. Zangon komawa tsarin na'ura yake maidowa. Ba ya maido takardarka, ko hotonka, ko fim ɗin da ka goge. Ba ruwansa da su. Bai taɓa su in za a koma, bai kuma dawo da su in sun ɓace. Na taɓa zama a wani shagon buga takardu a Gusau, wani dattijo magatakardan ƙungiya ya zo neman jerin sunayen da aka buga masa watanni uku da suka wuce. Ashe an goge. Yaron shagon ya ce kada ya damu, zai mai da kwamfutar baya. Muka zauna kusan awa guda muna kallon allo. Kwamfuta ta koma baya, takarda ba ta dawo ba. Ƙari a kan haka, manhajar na'urar buga takarda da aka saka a makon ta tafi, aiki ya tsaya har la'asar. Yaron ba mugu ba ne. Ya ɗora wa zango kayan da ba nasa ba ne.

Matsala ta biyu ita ce a je neman zango a tarar babu ko ɗaya. Wannan yana da dalilai. A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 abin a kashe yake zuwa, sai mai ita ya kunna da kansa. Wani lokaci kuma wurin da aka ware masa ya yi kaɗan, to in sabon zango ya zo sai ya ture tsoho. Tsofaffin ma sukan goge da kansu bayan wata biyu ko uku. Masu son share datti don samun wurin zuba finafinai su ma sukan share zangunan ba su sani ba. Kuma duk ranar da aka kashe abin, dukan zangunan da aka tara sun tafi.

Saboda haka mai kwamfuta ya duba tun yau, tun tana lafiya. A ɗan akwatin nema da ke ƙasan allo, ya rubuta kalmomin nan biyu, restore point, ya danna abin da ya fito. Zai ga jerin rumbunan ajiya na na'urar. Ya zaɓi mai harafin C, don a nan Windows take zaune. Ya danna Configure, ya kunna, ya ware masa wuri kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Sa'an nan ya danna Create, ya ba zangon suna da zai gane, alal misali "kafin saka sabuwar firinta". Aikin bai fi minti biyar ba. A riƙa yin haka kafin a saka kowace sabuwar manhaja, da kuma kafin a miƙa na'ura ga mai gyara.

Matsala ta uku: an ce ta koma, ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce aikin bai yiwu ba. Kada hankali ya tashi, ba ta lalace ba. Sau da yawa antibairos ne ya tare hanya, don ya ga ana taɓa manyan fayilolin na'ura ya zaci ɓarawo ne. Sai a cire intanet, a dakatar da shi na ɗan lokaci, a sake gwadawa, a kuma tuna a kunna shi bayan an gama. In ya ƙi, a gwada wani zango da ya fi wannan tsufa. In har yanzu ya ƙi, a tayar da kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode. A wannan yanayi na'ura takan tashi da 'yan kayan da suka zama dole kaɗai, kamar mai jinya da aka hana shi komai sai kunu. A nan komawa takan yi sauƙi.

To in kwamfutar ta ƙi tashi sam fa? Windows 10 da 11 suna da dabara. In na'ura ta kasa tashi sau biyu a jere, a na uku takan buɗe wani shuɗin allo na gyara da kanta. A cikin zaɓuɓɓukan wannan allo akwai System Restore. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su biya a wanke musu na'ura gaba ɗaya, alhali zango yana nan yana jira.

Wani gargaɗi da ya shafe mu ƙwarai a nan. Komawa zango takan ci rabin awa, wani lokaci fiye da awa. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, na'ura tana iya rikicewa fiye da da. Kun san halin wutarmu. Kada a fara sai batirin laftof ya cika, ko janareto yana da isasshen mai. Mai babbar kwamfuta ta tebur ya nemi ɗan akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na 'yan mintoci in an ɗauke. Kuma kada a gaji da jira a danne maɓallin kashewa.

Na ƙarshe a kan zango: ba maganin cuta ba ne. In an yi zango a ranar da cutar take ciki, to tana iya kwana a cikin zangon. Ka kashe ta yau, ka koma zangon gobe, ka dawo da ita da hannunka. Don haka bayan an yi wa na'ura magani ta warke, a share tsofaffin zanguna, a yi sabo. Masu neman kuɗin fansa kuwa sun san da zango, sukan fara goge shi kafin su kulle kaya.

Ganuwa

Garuruwanmu na da suna da ganuwa da ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta. Baƙo ba ya shiga sai an san wurin wanda ya zo. Kwamfutar da aka haɗa da intanet ita ma tana da ƙofofi masu yawa da ido ba ya gani, kuma dare da rana akwai masu zagayawa suna taɓa su, ko za su sami wadda aka bari a buɗe. Manhajar da ke tsare waɗannan ƙofofi ita muke kira ganuwa. Masu gyara suna ce mata fayawol.

A nan ba sai na tsawaita ba, don zaɓin mai sauƙi ne. Windows tana zuwa da ganuwarta, kuma tun 2004 a kunne take zuwa. Ta ishi mai shago, ta ishi makaranta, ta ishi ofishin ƙungiya. Ba sai an sayi wata ba. Abin da ake so kawai kada a kashe ta. Wasu yara sukan kashe ta don wani wasa ko wata manhajar sata ta ƙi aiki, sa'an nan su manta. In kwamfuta ta tambaya ko a bar wata manhaja ta wuce, kuma ba ka san manhajar ba, ka ce a'a. In ka haɗa da intanet na wani wuri, kamar otal ko makaranta, ta tambaye ka irin wurin, ka zaɓi na jama'a, don ta ƙara tsuke ƙofofi.

Amma ganuwa ƙofar intanet take tsaro. Filash da ka soka da hannunka bai bi ta wannan ƙofa ba. Kai ka shigo da baƙon har ɗaka. Wannan aikin na uku ne.

Zaɓen antibairos

Antibairos kamar malamin dabbobi yake a bakin kasuwa. Yana duba duk abin da ya shigo, yana riƙe da littafin alamun cututtuka. In ya ga mai alama sai ya ware shi. To kullum ana rubuta sababbin cututtuka. In littafinsa na bara ne, cutar bana za ta wuce ta gabansa bai gane ta ba. Shi ya sa tambayar farko ba "wanne ka saka?" ba ce. Tambayar ita ce, "yaushe rabon da ka sabunta shi?" Sabuntawa tana bukatar intanet da 'yar data. Mai shagon da ke karɓar katunan mutane hamsin a rana, in yana ƙyashin wannan data, da kayan jama'a yake wasa. Ko sau ɗaya a mako ne a haɗa, a bar antibairos da ita kanta Windows su karɓi gyara. Ku tuna da mutanen 2017 da gyara ya jira su wata biyu.

Wanne za a zaɓa? Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kwamfuta tana zuwa da nata a ciki, kyauta. Sunansa yanzu Microsoft Defender. A ganina, ga mai shago ko ɗalibi, wannan ya isa, muddin ana sabunta shi. Akwai wasu sanannu, irin su Avast, AVG, Avira, Bitdefender, ESET da Kaspersky. Wasu na kuɗi ne, wasu suna da na kyauta. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da ke gwada su a kai a kai suna bayyana sakamako: AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya. Mai iya karatun Turanci ya duba can kafin ya saya, ya fi ya bi maganar mai talla.

Sa'an nan a sani, na kyauta ma wani lokaci da kuɗinsa a ɓoye. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5, saboda sayar da bayanan wuraren da masu amfani da shi ke shiga a intanet. A wannan shekarar kuma gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta, don kamfanin na Rasha ne kuma tana zargin za a iya amfani da shi wajen leƙen asiri. Kamfanin ya musanta. Na kawo wannan ne don ku gane cewa wanda ka ba tsaron gida yana ganin duk abin da ke cikin gidan.

Smadav fa, wanda ake yawan gani a shagunanmu? Daga Indunusiya yake, kuma an yi shi ne musamman don duba filash da memori. Masu shi da kansu sun ce mataimaki ne. Yana iya zama tare da babban, amma kada a bar shi shi kaɗai.

Ban da irin wannan mataimaki, kada a haɗa manyan antibairos biyu a na'ura ɗaya. Wasu suna ganin biyu sun fi ɗaya ƙarfi. Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Kowanne zai ɗauki ɗan'uwansa a matsayin cuta, na'ura ta yi nauyi, aiki ya tsaya. In za a canza, a cire tsohon tukuna. Kuma a guji wanda aka fasa, watau na kuɗi da wani ya ce zai saka maka a banza da lambar sata. Sau da yawa cutar a cikinsa take zuwa.

Mai tsaro ma yakan yi kuskure. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa masu hulɗa da shi gyara mai aibi. Kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka ƙi tashi a rana ɗaya. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba ɓarawo ya yi wannan ba, mai gadi ne.

Saura maganar tsohuwar Windows. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, 'yan gwanjo. Microsoft ya daina aika gyara ga Windows XP a 2014, ga Windows 7 a watan Janairu na 2020. Windows 10 ma wa'adinta na gyaran kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. Na'ura mai XP ko 7 tana iya ci gaba da buga takardu, amma duk kafar da aka gano a jikinta ba mai toshewa. In ba halin canzawa, a raba ta da intanet, kada kuma a yi harkar banki a kanta. Mai sayen kwamfuta ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya.

Mai waya fa?

Wayar Android ba ta da zangon komawa. Abin da take da shi shi ne mai da ita yadda ta fito daga kamfani, kuma wannan yana share komai: lambobi, hotuna, saƙonni. In mai gyara ya ce zai yi wa wayarka haka, ka tambaye shi ina ya ajiye kayanka tukuna. Ka cire layinka da katinka kafin ka bar masa ita, musamman layin da ke haɗe da asusunka na banki.

Waya tana da nata mai dubawa a cikin Play Store, ana kiransa Play Protect, tun 2017. A bar shi a kunne. Hatsarin yana wajen manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya, ko waɗanda ke zuwa ta saƙo ana cewa danna nan ka sami tallafi ko kyautar data. Haka kuma in kana cikin intanet wani rubutu ya faɗo yana walƙiya, wai wayarka ta kamu da cuta goma sha uku, danna nan a wanke, ƙarya ce. Shafin intanet ba ya iya duba cikin wayarka. Rufe shi kawai. Lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ko banki ke turo maka kuwa, kada ka karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga ofis yake kira. Babu antibairos da ke tsare mutumin da ya miƙa mabuɗi da bakinsa.

Iri a rumbu biyu

Yanzu mun ga zango ba ya maido takarda, ganuwa ba ta duba filash, antibairos yakan yi kuskure. To me ke tsare takardar dattijon nan magatakarda? Kwafi na biyu, a wani wuri dabam. Manomin kirki ba ya zuba dukan irinsa a rumbu ɗaya, saboda gobara da gara. Duk abin da ka san in ya ɓace za ka yi kuka, ya zama yana wuri biyu: takardar shaidar makaranta, takardar gona, lambar NIN, lissafin adashi, hoton mahaifi da ya rasu.

Mai kwamfuta ya sami filash ko rumbun ajiya na waje wanda ba a ba kowa aro. Ya kwafe muhimman kaya a ciki duk mako, sa'an nan ya zare shi ya sa a akwati. In aka bar shi a soke, cutar da ta kama na'ura za ta kama shi. Kwafin da aka ajiye a wata jaka a cikin ita kwamfutar ba kwafi ba ne, don in rumbunta ya mutu tare za su tafi. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna kashe rumbun kwamfuta ko babu wata cuta.

Ana iya ajiya a intanet ma. Duk mai asusun Google yana da wuri kyauta har gigabait 15, kuma lambobin waya da aka ajiye a can sukan dawo ko an sace wayar, muddin mutum yana tuna kalmar sirrinsa. Amma mu a jihar nan mun ga iyakar wannan. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira babu intanet. Wanda takardarsa take intanet kaɗai, a Gusau yake ko a 'Yandoto ko Kwatarkwashi, bai iya kaiwa gare ta ba sai ya bar jihar. Saboda haka ɗaya a intanet, ɗaya a hannu.

Ga wanda bai da filash bai da asusun Google, akwai littafi da biro. Lambobin waya ashirin da ka fi bukata, ka zauna ka rubuta su da hannunka, suna a hagu, lamba a dama. In an buga wa ƙungiyarku takarda a shago, ku karɓi kwafi biyu a kan takarda, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin magatakarda. Lambar sirri ta banki ita kaɗai ce ba a rubutawa a wannan littafi.

Aikin aji na wannan wata: kowa ya zo da littafinsa da lambobi ashirin a rubuce. Wanda kuma zai kai katinsa shago kafin haɗuwa ta gaba, ya tambayi mai shagon ranar da ya sabunta antibairos ɗinsa, ya ce a nuna masa kwanan watan a kan allo, ya karanta da kansa, ya rubuto mana shi.